3.4 Gaiwa da Mazauninta a Fadamun Ƙaura Namoda

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan gaiwa, wato kifin da masana kimiyya ke kira Protopterus annectens, sunan da ya samo asali daga binciken Richard Owen na shekarar 1839. Gaiwa doguwa ce mai santsin jiki, wadda tsawonta kan kai kimanin mita ɗaya. A arewacin Jihar Zamfara ana samun ta a tafkuna da fadamun da Gulbin Gagare da Gulbin Bunsuru ke malalawa cikinsu, a yankunan Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi.

Abin da ya bambanta gaiwa da akasarin kifaye shi ne tana da huhu, don haka takan leƙo saman ruwa ta shaƙi iska. Idan rani ya kama, ruwa ya fara janyewa, sai ta haƙa rami da bakinta a cikin taɓo, ta naɗe, ta rufe kanta da wutsiya. Daga nan yauƙin jikinta zai bushe ya zama kube, sai 'yar kafar numfashi kurum. Haka za ta kwanta watanni ba ci ba sha, tana rayuwa da tsokar jikinta. Wannan ya gaskata maganar Hausawa cewa gaiwa jikinta take ci.

A teku ma akwai mai irin wannan ɗabi'a. A gaɓar Bahar Maliya akwai wani kifi mai siffar maciji da ke binne kansa cikin rairayi kusa da duwatsun murjani, yana shiga da wutsiya. Sai dai shi ɓuya yake yi a ruwan da ba ya ƙafewa, ita kuwa gaiwa fari take gudu.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa busasshiyar fadama ba kango ba ce, ma'ajiyar kifi ce. Gaiwar da ta tsira daga magirbin mai tono ita ce za ta fito da damina ta yi ƙwai, namijinta ya tsare sheƙar. Saboda haka, idan aka tone kowane rami da rani, to an cinye irin da masunta za su kama baɗi.