Kasimu Yero, Kawun da Manoma Suka Tsana Kuma Suke Jira

Kwanakin baya muna hira a ɗakin kwananmu na ambaci sunan Kasimu Yero, sai wani abokina ya ce, "Mawaƙi ne?" Wallahi abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Bari in fara daga gida. A ƙauyenmu, tsakanin Funtua da Malumfashi, idan an gama kaye masara an kai auduga kasuwa, kuɗi sun shigo hannu, lokacin ne 'yan kama ke zuwa. Mutum ne zai naɗa ƙaton rawani, ya zauna kamar shehin malami, ya ɗauko muryar mai tafsiri sak, amma duk karatun nasa a kan tuwo da fura yake. Ko kuma ya ɗauki waƙar babban makaɗi ya mayar da ita yabon miya. Ba shi da kyamara, ba a cewa "sake". In bai ba da dariya nan take ba, taro ya watse, ya kwana da yunwa. Jarinsa kaf lura ce: yadda mai kuɗi ke gyaran murya, yadda dagaci ke harara.

To, irin wannan lurar ce Kasimu Yero, mutumin Zariya, ya shiga da ita gaban kyamara. Iyayenmu sun san shi a Karambana na NTA Kaduna, sunan kansa ya faɗi halin: mai tsoma baki a abin da babu ruwansa. Ya kuma fito a Magana Jari Ce da aka mayar wasan talabijin daga littafin Abubakar Imam.

Amma inda ya fi burge ni shi ne Cock Crow at Dawn, wasan Turanci da NTA ta fara nunawa a 1980, zamanin da gwamnatin Shagari ke kiran jama'a su koma gona. A wajen Jos aka ɗauke shi, Bongos Ikwue ya yi waƙar buɗewa, Sadiq Daba ya fito a Bitrus. Labarin wani Bello ne da ya baro birni da iyalinsa ya koma ƙauye noma. Kasimu shi ne Kawu Gaga, dangin da ya zame masa ƙarfen ƙafa.

A nan ne abin da nake son mu gane yake. Akwai jarumi, wanda ake ba budurwa a ƙarshen fim. Akwai kuma ɗan wasan da aikinsa ɗaukar hali ne: kawu mai hassada, maƙwabci mai gulma, dattijo mai taurin kai. Wasan da aka shirya don koyar da noman zamani, in ba irin su Gaga, ai lacca ce kawai ta malamin gona, kowa ya yi barci. Mugun kawun ne ke sa a dawo mako mai zuwa. Kuma mai barkwanci ya fi kowa iya shi, don ya san daidai inda zai tsaya kafin mugunta ta gunduri mai kallo. Ni a ganina wannan ya fi yin soyayya a lambu wuya nesa ba kusa ba.

Mu da muka taso da Ibro, marigayi Rabilu Musa da ya rasu a 2014, mun saba mai ban dariya ya riƙe fim shi kaɗai da sunansa a kan faifai. Kasimu ba haka ya yi ba, ya shige cikin labarin wani ne ya ƙwace shi, da Hausa da Turanci duka. Ya rasu a Kaduna a watan Satumba na 2017.

Babana bai iya Turanci ba, a gidan wani malamin makaranta a Funtua ya riƙa leƙen wasan. Amma har yau, in rigimar iyakar gona ta tashi tsakaninsa da wani ɗan uwansa, sai ya dawo gida ya jingine fartanya ya ce, "Gaga ya sake motsawa."