Mota a Rana: Tanderu Ce ga Dabba

A Duwala, musamman daga Janairu zuwa Maris, zafin rana kan kai maki 32, ga iska cike da laimar teku. Duk da haka, a kewayen babbar kasuwar New Bell za ka ga an kulle mota da kare a ciki, ko rago da kaji a but, wai "yanzu zan dawo".

Hasken rana na ratsa gilashi ya gasa kujeru, zafin kuma ya rasa mafita. Cikin minti 10 kacal yana iya ƙaruwa da maki 10. Sauke gilashi kaɗan ba ya magani.

Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma laimar Duwala na rage amfanin hakin. Idan zafin jikinsa ya haura maki 41, ƙwaƙwalwa da ƙoda na iya lalacewa.

Alamomin wannan hatsari su ne haki mai tsanani, dalala, amai da tangaɗi. Idan an ga haka, a kai karen inuwa, a kwara masa ruwa mai sanyi, a garzaya wurin likitan dabbobi. Haka hatsarin yake ga ƙananan yara, kada a bar su ko na minti ɗaya.