Ƙodar da jinkirin hanya ke kashewa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Idan ana lissafin asarar da rashin tsaro ya jawo wa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, akan ƙirga rayuka da shanu da gonakin da aka ƙaurace wa. Ba a cika sa ƙoda a lissafin ba, alhali tana cikin sassan jikin da jinkirin isa asibiti ke fara lahantawa.

Kowace ƙoda tana da matatai kimanin miliyan ɗaya, kowace matata haɗe da siririn bututu. A kullum ƙoda biyun kan tace ruwa wajen lita 180 daga jini, bututan su mayar wa jiki kusan dukkansa, saura lita ɗaya da rabi ya fita a matsayin fitsari. Aiki ne mai cin ƙarfi. Idan jinin da ke isa ƙoda ya ragu na sa'o'i, ƙwayoyin bangon bututun kan mutu, su toshe hanya, fitsari ya ƙafe, guba ta taru a jini.

Masu jawo hakan sanannu ne a yankin: zubar jini bayan haihuwa, raunin harsashi, amai da gudawa, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da saran kububuwa. Mai jegon da jini ya ɓalle mata da tsakar dare, danginta na tsoron hanyar Funtua sai gari ya waye, tana iya tsira da ranta amma ƙodarta ta tsaya. A gida kuma akan ƙara dagula lamarin da diclofenac, allurar gentamicin ta kyamis, ko jiƙon da ba a san haɗinsa ba. Ba a manta da My Pikin ba, maganin haƙoran da ya lalata ƙodar yara, 84 suka rasu tsakanin 2008 da 2009.

Sai dai wannan ciwon ya bambanta da ciwon ƙoda mai daɗewa. Bututan kan farfaɗo, sau da yawa cikin mako ɗaya zuwa uku, idan an yi ƙarin ruwa ko jini da wuri, ko wankin ƙoda na ɗan lokaci a manyan asibitoci irin na Shika.

Don haka masu jinya su sa ido kan fitsari. Idan ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke, a garzaya asibiti. Gwamnatin Katsina kuwa ta wadata asibitocin ƙananan hukumomin nan uku da ma'ajiyar jini, ruwan ƙari, gwajin aikin ƙoda da motar marasa lafiya mai rakiyar jami'an tsaro. Duk wannan bai kai tsadar wankin ƙoda ba.