Microsoft ya koma bayar da haya, su wa za su biya a Lafia?

Da wuya a samu takardar da aka buga a garin Lafia wadda ba ta bi ta hannun kamfanin Microsoft ba. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Lafia da ke haɗa kundin kammala karatu da Word yake aiki. Akawun da ke lissafin albashi a sakatariya da Excel yake yi. Mai shagon buga takardu a titin Jos, da zarar ya tayar da janareta, Windows ce ke fara buɗe masa. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa waɗannan ukun ba su ne kaɗai kasuwar kamfanin ba, kuma salon cinikinsa ya sauya ta yadda zai taɓa aljihunmu.

Bill Gates da Paul Allen ne suka kafa kamfanin a 1975 a Albuquerque ta ƙasar Amurka. Arzikinsa ya fara ne a 1981, lokacin da IBM ta fitar da ƙaramar kwamfutarta ɗauke da manhajar da Microsoft ya samar mata, shi kuma ya riƙe ikon sayar da ita ga sauran masu ƙera kwamfuta. Word ta fito a 1983, Windows da Excel a 1985. A wancan zamani cinikin a fili yake: ka sayi faifai sau ɗaya, ka ɗora, ka yi ta aiki har injin ya tsufa.

Yau hajar ta yi yawa. Akwai Xbox ta wasanni tun 2001. Akwai LinkedIn da ya saya a 2016 kan dala biliyan 26, da GitHub, matattarar masu rubuta manhaja, a 2018. A 2023 ya haɗiye kamfanin wasanni na Activision Blizzard kan kusan dala biliyan 69. Kuɗin shigarsa a shekarar kasuwanci ta 2024 ya kai dala biliyan 245.

Inda maganar take shi ne Azure, wanda aka buɗe a 2010, kuma Satya Nadella ya mayar da shi ginshiƙin kamfanin bayan ya karɓi shugabanci a 2014. Manyan ɗakuna ne cike da kwamfutoci a ƙasashe daban-daban, banki ko ma'aikata ta ajiye bayananta a can ta riƙa biya gwargwadon abin da ta yi amfani da shi. Waɗanda ya fara buɗewa a nahiyarmu suna Afirka ta Kudu, tun 2019. Ita ma Office, wato ƙunshin su Word da Excel, an bi da ita wannan hanya da sunan Microsoft 365: biya duk wata ko duk shekara. Wanda a da yake da gidan kansa ya zama ɗan haya, ranar da ya kasa biya a rufe masa ƙofa. Farashin kuwa dala yake bi. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a hukumance ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Makarantar da ta tsara kasafinta da tsohon lissafi ta san abin da nake nufi.

Ban ga laifin kamfani don ya nemi riba ba, kuma akwai alherin da ya kamata a faɗa. A 2023 ya sanya Hausa cikin harsunan da manhajarsa ta fassara ke aiki da su, tare da Yarbanci da Igbo. Sai dai ofishin injiniyoyinsa da ya buɗe a Legas a 2019 ya rufe shi a 2024. Hukuncin kamfanin a hedkwatarsa ta Redmond ake yanke shi, ba a tambayar mu.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar 14 ga Oktoban 2025, ranar da Microsoft ya daina aiko da gyaran tsaro kyauta ga Windows 10, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro da injin zamani, yawancin tsofaffin kwamfutocin gwanjo da muke saye ba su cika sharaɗin ba. Injin zai ci gaba da kunnawa, shi ya sa mutane ba sa ganin haɗarin. To amma kowace kafa da ɓarayin intanet suka gano daga baya a buɗe za ta zauna. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta shiga injinan da ba a sabunta ba a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Mu kuma ga ƙarin matsala: da yawa daga cikin manhajojin da ake ɗora mana a kasuwa na sata ne, ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu.

Mafita tana nan, kuma ba ta buƙatar dala. LibreOffice kyauta ce, tana buɗe takardun Word da Excel. Tsarin Linux yana tafiya lafiya a kan tsohon inji. Ba kowane aiki za su iya ɗauka ba, wasu ofisoshin dole su biya lasisi, kuma gara su biya na halal. Amma ɗakin kwamfuta na makarantar sakandare ba ya buƙatar haya don koya wa yara rubutu da lissafi.

Kirana ga gwamnatin jihar Nasarawa da shugabannin manyan makarantunmu shi ne su ƙirga injinan da ke hannunsu, su san wanne ke ɗauke da bayanan albashi ko na marasa lafiya, su sabunta waɗannan tukuna. Sauran a mayar da su kan manhajojin kyauta, a horar da matasan Lafia su riƙa kula da su.