Kowane Fim Da Halinsa: Wanne Ne Zai Fitar Da Fuskar 'Ya'yanki?

Ɗan ɗauko tsohon albam ɗin gidanku ki buɗe hotunan biki ko na suna. Za ki ga wani hoton ya fito ras, jan lallen amarya kamar ki taɓa, wani kuwa atamfar ce kawai ta fito, fuskar mai ita ta dushe sai haƙora da fararen idanu. Mukan ɗora laifin a kan mai hoto, alhali sau da yawa laifin fim ɗin da ya zuba a kyamara ne. Yanzu da wasu ke komawa ga kyamarar fim don sha'awa, in akwai irinta a akwatin maigida tana shan ƙura, ya kamata ki san cewa kowane fim da halinsa, kamar yadda kowane rini yake da irin kamunsa.

Abu na farko da za ki duba a jikin kwali shi ne lambar ISO. Mai lamba 100 yana son haske sosai, don haka na tsakar gida ne da rana, kuma hotonsa sumul yake fita. Mai 400 ya ninka shi sau huɗu wajen kama haske, shi ne na inuwa, na zaure da na bayan la'asar, sai dai za ki ga ɗan tsaki-tsaki a jikin hoton. Mai 200 yana tsakani. Kowane naɗi hoto 24 ko 36 yake ɗauka, saboda haka ba a danna shi barkatai kamar waya.

Sai batun kala. Kodak Gold 200 yana karkata wajen ruwan ɗorawa da ja-ja, yana sa hoto ya yi ɗumi kamar na hantsi. Kodak Portra, wanda ya fito a 1998, don hoton mutane aka yi shi, kalarsa a tausashe take ba ta ihu, amma ya fi tsada. Ektar 100, na shekarar 2008, yana ƙara wa kala ƙarfi: zai fitar miki da leshi da shadda da jeren kwalla, sai dai yakan sa fata ta yi ja fiye da kima. Finafinan Fujifilm kuwa an san su da karkata wajen kore da shuɗi.

Ga abin da ya fi shafar mu. Tun daga shekarun 1950, Kodak ya riƙa aika wa masu wanke hoto wani kati da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton wata Baturiya, da shi suke daidaita kalar injinansu. Wato farar fata ce ma'auni. Mai bincike Lorna Roth ta Jami'ar Concordia da ke Kanada ta nuna cewa cikin abubuwan da suka sa kamfanin ya gyara launin ƙasa-ƙasa akwai ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau a hotunan talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Finafinan yau sun fi na da nesa ba kusa ba, amma har yanzu baƙar fata tana bukatar a ba ta isasshen haske.

Dabarar ba ta da wuya. Idan kyamararki tana bari ki zaɓi lamba da hannu, ki zuba fim mai 400 amma ki saita ta a 200. Hakan zai ninka hasken da ke shiga, kuma fim mai kala ya fi jure yawan haske a kan ƙarancinsa. Kada ki tsayar da yaro mai farar riga a jikin farin bango da tsakar rana, domin kyamarar za ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, fuskar ta tafi. Ki kai shi bakin ƙofa ko gindin bishiya, ya fuskanci inda hasken ke shigowa.

Kada kuma ki raina baƙi da fari. Da shi Malick Sidibé na Bamako ya ɗauki samari da 'yan matan garinsu, har ya karɓi babbar lambar yabo a baje kolin Venice a 2007. Da shi J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara hotuna kusan 1,000, kowane layin kitso a fili. Ilford HP5 Plus, da ake yi a Ingila, yana da haƙuri da kuskuren ɗan koyo. In mai wankin da kika samu na kala kawai yake yi, nemi Ilford XP2, baƙi da fari ne amma da ruwan wankin kala, wato C-41, ake wanke shi.

To yaya za ki yi gwajin? Da farko ki tabbatar da inda za a wanke miki kafin ki kashe kuɗinki, domin yawancin wuraren wankin da muka sani a da sun rufe ko sun koma na kwamfuta. Sannan ki sayi iri biyu kacal, misali Gold 200 da HP5. Ki zaɓi yaro ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ki ɗauke shi da kowanne. Ki ajiye ɗan littafi kina rubuta sunan fim, lambar hoto, lokaci da yanayin haske, don ranar da hotuna suka dawo ba za ki tuna ba. Ki jera su a kan tabarma ki duba kumatu da goshi: wanne ne ya fi kama da yaron da kika sani? Shi ne naki.

Zafi babban abokin gabar fim ne. Ki ajiye shi a firji cikin kwalbarsa, kuma in kin fito da shi ki bari ya yi kamar awa biyu kafin ki buɗe, don kada ya yi gumi. Kada ki bar kyamara cikin mota a rana, lokacin hunturu kuma ki naɗe ta a kyalle saboda ƙura. In za ki hau jirgi, ki roƙi a duba fim ɗin da hannu, domin sababbin na'urorin binciken kaya suna iya lalata shi.

Daga ƙarshe, in kin je karɓar hotuna kada ki baro nagetif a shagon. Ki sa shi a ambulan, ki rubuta rana da sunan wanda aka ɗauka, ki adana a busasshen wuri tare da takardun haihuwar yara. Waya takan ɓace ko ta faɗa ruwa da hotunan shekaru a cikinta, amma nagetif ɗin da aka kula da shi, jikokinki ma za su iya kai shi a sake wanko musu.