Jerin Attajirai Na Shekara-Shekara: Shin Za A Iya Lissafa Zakkar Mutum Daga Abin Da Mujalla Ta Buga?

Tambaya:

Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, ina zaune a Muchia. Duk shekara idan aka fitar da jerin masu kuɗin Najeriya, sai matasa a majalisarmu su ɗauki adadin da aka buga su cire kashi 2.5 cikin ɗari, su ce ga zakkar da ke kan wane, kuma tunda ba a gan ta ba, to ba ya fitarwa. Yaya ake haɗa wannan jeri, kuma lissafin nasu daidai ne?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Na farko: yadda ake haɗa jerin.

Mujallar Forbes ta Amurka tana fitar da jerin masu dala biliyan ɗaya zuwa sama kowace shekara tun 1987. Alhaji Aliko Dangote ya fara shiga a 2008 da dala biliyan 3.3, a 2025 kuwa an ƙiyasta masa biliyan 23.9. Sauran 'yan Najeriya da suka fito a jerin 2025 su ne Mike Adenuga da Abdulsamad Rabi'u da Femi Otedola.

Wannan adadi ƙiyasi ne. Mujallar tana duba hannun jarin da mutum yake da shi a kamfanoni irin su Dangote Cement ko BUA Foods, ta ninka da farashin hannun jarin a wata rana guda, ta mayar zuwa dala. Kamfanin da ba ya kasuwar hannun jari sai ta kwatanta shi da makamantansa, sannan ta cire bashin da ta sani. Shi ya sa adadin yake hawa da sauka. A farkon watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Duk wanda jarinsa yake cikin naira sai ƙimarsa ta ragu a dala, alhali masana'antarsa tana nan yadda take. Hauhawar adadin Dangote a 2025 kuma ta biyo bayan shigar da matatar mansa ta Legas cikin lissafi ne.

Na biyu: hukuncin zakka.

Ba a kan duk abin da mutum ya mallaka ake fitar da zakka ba. Tana wajaba a kan kuɗi da zinare da azurfa da kayan da aka tanada don sayarwa da bashin da ake sa ran karɓa, idan sun kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinare, kuma shekara ta zagayo a kansu. Abin fitarwa ɗaya ne bisa arba'in. Amma gini da injuna da motocin aiki babu zakka a kan asalinsu.

Misali a shagonka: buhunan kaya da kuɗin ciniki suna shiga lissafi, amma kanta da sikeli da ginin shagon ba sa shiga. Haka kamfanin siminti yake: simintin da ke rumbu da kuɗin da ke banki suna shiga, injunan sarrafa shi ba sa shiga, ga shi kuwa su ne suka ɗauki kaso mai yawa na ƙimar irin waɗannan kamfanoni.

Game da hannun jari, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Jidda a 1988 ta rarrabe. Wanda ya sayi hannun jari don ya sayar idan farashi ya tashi, zai fitar a kan farashin kasuwa. Wanda ya riƙe don cin ribar shekara, idan ya san lissafin kamfanin, zai fitar a kan kasonsa na dukiyar da zakka ta hau kanta. Idan kamfanin ya fitar a madadin masu hannun jari, ta faɗi a kansu. Malikiyya ma sun bambanta mai juya kaya kullum, wanda yake ƙimanta hajarsa duk shekara, da mai ajiye kaya yana jiran kasuwa, wanda yake fitarwa sau ɗaya idan ya sayar. Saboda haka lissafin matasan nan bai inganta ba.

Na uku: yanke wa mutum hukunci.

Cewa wane ba ya fitar da zakka tuhuma ce da barin rukuni daga rukunan Musulunci, kuma ba ta halatta sai da hujja. Rashin ganin abu ba ya nuna rashinsa, domin an yarda a bayar da zakka a ɓoye. Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da giba, kuma hanin bai ware mai kuɗi ba. Wannan ba ya hana malamai tunatar da mawadata haƙƙin talakawa, ko tambayar hanyar da aka bi aka tara dukiya idan akwai dalili a fili.

Karanta jerin don sanin halin kasuwa babu laifi. Abin tsoro shi ne ya haifar da hassada ko raina ni'imar da ke hannu, kamar yadda ya faru ga masu burin irin dukiyar Ƙaruna a Suratul Ƙasas. Kowane ɗan kasuwa ya tsayar da watan zakkarsa, ya ƙidaya kayansa da kuɗinsa, domin a kan dukiyarsa za a tambaye shi.

Allah ne Mafi sani.