Taswirar Kibera: Yadda Mazauna Unguwa Suka Sanya Kansu a Idon Hukuma

A cikin shekaru ashirin da suka gabata an samu bunƙasar wani nau'in aikin sa-kai a birane da dama na duniya, inda masu rubuta manhajar kwamfuta, da masu zanen taswira, da masu tsara fasalin bayanai, da kuma sauran mazauna unguwa, suke haɗa kai domin magance matsalar da ta addabi yankinsu, kamar lalacewar hanya, ko ƙarancin ruwan sha, ko rashin sanin inda kuɗin gwamnati suka shiga. Ana kiran wannan fage fasahar al'umma, wato amfani da kayan zamani domin kyautata hulɗa tsakanin jama'a da masu mulkinsu, ba domin ciniki ba. Abin da ya faru a unguwar Kibera ta birnin Nairobi a ƙasar Kenya yana nuna cewa na'ura ita ce mafi sauƙi a cikin wannan aiki, kuma wahalar tana wajen mayar da bayanin da aka tattara zuwa ga masu shi, sannan a kai shi gaban wanda yake da ikon aiwatarwa.

Kibera tana da nisan kimanin kilomita biyar daga tsakiyar Nairobi, kuma ta samo asali ne a farkon ƙarni na 20, lokacin da Turawan mulkin mallaka na Birtaniya suka zaunar da tsofaffin sojojinsu 'yan ƙabilar Nubi a wurin ba tare da ba su takardar mallakar fili ba. Da mutane suka yi ta kwararowa daga karkara neman aiki, sai wurin ya cika da ɗakunan laka da kwano, ya kasu gida-gida kamar Gatwekera da Laini Saba da Makina da Silanga, layin dogon da ya nufi Yuganda kuma ya ratsa ta cikinsa. Da yake a wancan lokaci a ido na doka ƙasar ta gwamnati ce, taswirori da yawa sun riƙa nuna wurin a matsayin fili wanda babu kowa a cikinsa, har ma yawan mutanen da ke zaune a ciki ya zama abin jayayya, domin an daɗe ana cewa sun kai miliyan ɗaya, alhali ƙidayar ƙasa ta 2009 ta ba da adadin 170,070. Wurin da ba a san iyakarsa ko yawan jama'arsa ba yana da wuyar shiga kasafin kuɗi, saboda jami'in da ke raba famfuna da malaman makaranta yana aiki ne da abin da ke rubuce a gabansa.

A ƙarshen 2009 wasu Amurkawa biyu, Erica Hagen da Mikel Maron, suka horar da matasa goma sha uku daga sassan unguwar, a wani shiri da aka sa wa suna Map Kibera. Kayan aikin ba su wuce biyu ba. Na farko shi ne na'urar GPS ta hannu, wadda take karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam ta lissafa daidai inda mai riƙe da ita yake tsaye, ta yadda duk lungun da ya bi za ta ajiye sawunsa, duk inda ya danna kuma za ta sa alama. Na biyu shi ne OpenStreetMap, taswirar duniya da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wadda kowa yake iya ƙara mata bayani ko ya gyara kuskure, kuma kowa yake iya ɗauka ya yi amfani da ita ba tare da biyan kuɗi ba. Cikin 'yan makonni matasan suka zagaye unguwar a ƙafa, suka sa alamar wuraren sayar da ruwa, da makewayin haya, da ɗakunan shan magani, da masallatai da majami'u da makarantu. Hoton da aka ɗauka daga sama ba zai iya wannan aiki ba, domin abin da yake nunawa rufin kwano ne kawai a manne da juna, ba zai bambanta shagon magani da ɗakin kwana ba, kuma kamar yadda Hausawa suke cewa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai kammala taswirar ya fito da wata matsala sabuwa, domin masu bincike da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje sun fi mazauna unguwar samun damar ganinta, tunda a lokacin kaɗan ne daga cikinsu suke shiga intanet. A nan ne tsara fasali ya shigo, kuma abin da ake nufi da shi ba ƙawata abu ba ne, a'a, shi ne nazarin wanda zai yi amfani da abin, da halin da yake ciki, sannan a gina abin daidai da shi. Saboda haka aka riƙa buga taswirar a manyan takardu ana kai ta taron unguwa, ana shimfiɗa wata takarda mai shara-shara a kanta, mahalarta suna zana abin da suka sani game da fannoni huɗu, wato lafiya da tsaro da ilimi da ruwa tare da tsafta. A taron 'yan mata da mata, alal misali, an gano lungunan da ake tsoron bi da dare da wuraren da babu fitila, bayanin da babu wata na'ura da za ta iya aunawa. Daga baya aka zana taswirar tsaro da fenti a jikin bango a cikin unguwar, ta yadda mai wucewa zai karanta ta ba tare da waya ba.

Shirin ya amfana da wata manhaja da aka haifa a Kenya ɗin kanta. Bayan zaɓen Disamba 2007 tsakanin Mwai Kibaki da Raila Odinga, rikici ya ɓarke wanda ya ci rayukan mutane fiye da dubu, kuma gwamnati ta hana kafofin watsa labarai yaɗa rahoto kai tsaye. A farkon 2008 Ory Okolloh da Erik Hersman da Juliana Rotich da David Kobia suka haɗa Ushahidi cikin 'yan kwanaki, manhajar da take karɓar rahoton jama'a ta saƙon waya ko intanet ta ɗora kowane ɗaya a kan taswira tare da lokacin faruwarsa. Da yake buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato an bar rubutun da aka gina ta da shi a fili domin kowa ya kwafa ya gyara, an yi amfani da ita a girgizar ƙasar Haiti ta Janairu 2010, sannan matasan Kibera suka gina dandalinsu na Voice of Kibera a kanta, inda aka riƙa shigar da labarin gobara ko tarzoma ko katsewar ruwa daga bakin mazauna wurin.

Fannin ilimi ne ya fi nuna amfanin aikin a fili. A ƙarƙashin shirin Open Schools Kenya, matasan sun ziyarci makarantu sama da 300 a Kibera suna rubuta yawan ɗalibai da malamai da kuɗin makaranta, sai aka ga cewa mafi yawansu ba na gwamnati ba ne, na ɗaiɗaikun mutane ne da ƙungiyoyin addini, kuma da dama ba sa cikin kundin hukuma. Bayanin ya taimaki iyaye wajen kwatanta makarantu, ya kuma ba jami'an ilimi na yankin hoton da ba su da shi a da.

Duk da haka aikin yana da iyaka, kuma sanin iyakar yana da muhimmanci ga duk mai son kwaikwayonsa. Aikin sa-kai ya yi kama da aikin gayya, wanda yake iya nome gona a rana ɗaya amma ba ya iya kula da ita har zuwa kaka, alhali taswira tana tsufa da zarar an rufe wani shago ko an haƙa sabuwar rijiya. Matashin da yake neman abin sawa a bakin salati kullum ba zai daɗe yana aiki kyauta ba, abin da ya sa shirin ya rikiɗe ya zama ƙungiya mai rajista da take neman tallafi domin biyan ma'aikatanta. Ko a Amurka, ƙungiyar fasahar al'umma ta Code for America da Jennifer Pahlka ta kafa a 2009 ta janye a 2023 daga ɗaukar nauyin rassanta na 'yan sa-kai da ke birane. Haka kuma bayyana a taswira ba ya zama kariya, domin a Yuli 2018 an rushe gidaje da makarantu a wani sashe na Kibera domin gina titi, dubban mutane suka rasa matsuguni.

Nijeriya ma tana da nata misalin na irin wannan aiki. BudgIT, wadda aka kafa a Legas a 2011, tana mayar da kasafin kuɗi zuwa zane mai sauƙin fahimta, kuma ta shirinta na Tracka ana bibiyar ayyukan mazaɓu a taron gari. Shirin Follow The Money, wanda Hamzat Lawal yake cikin waɗanda suka fara shi a 2012, ya tashi ne kan ƙauyen Bagega na ƙaramar hukumar Anka a jihar Zamfara, inda gubar dalma ta hallaka yara, ya haɗa shaidar da aka tattaro daga ƙauyen da matsin lamba a kafofin sada zumunta, tare da likitoci da masu kare haƙƙin ɗan'adam, har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsaftace wurin a farkon 2013. Abin da ya sa aka yi nasara a Bagega shi ne an san takamaiman kuɗin da ake nema da ofishin da ya riƙe su. Saboda haka ƙungiyar da take shirin fara irin wannan aiki ya kamata ta tantance, tun kafin ta sayi na'ura, wane jami'i ne zai karɓi bayanin, wace shawara ce ake so ya canza, kuma wa zai ci gaba da sabunta shi bayan kuɗin tallafi sun ƙare.